Mahaƙin Rijiya a Bayan Labule

Mai Igiya yana da wata ɗabi'a da baƙo kan ɗauka tsokana ce. In ka shiga ɗakin ajiyar kaya ka daɗe ba a ji motsinka ba, ko ka hau tsani ka yi shiru kana tunanin inda za ka buga ƙusa, sai ka ji muryarsa daga inda yake zaune: "Kana nan?" Ba ya ɗago kai, ba ya tsayar da abin da hannunsa ke yi. In ka ce, "Ina nan," magana ta ƙare. In kuwa ba ka amsa ba, ba zai sake tambaya ba. Takunsa za ka ji.

Mun saba da abin har mun daina jinsa. Nas, wadda ke yi wa 'yan wasa kwalliya, takan ce ko banɗaki mutum ya shiga gara ya riƙa tari, in ba haka ba Mai Igiya ya ɓalle masa ƙofa.

Gidan wasan kwaikwayonmu tsohon sito ne da aka zuba wa kujeru, kuma babu ko ɗaya a cikinmu da aka haifa don wannan aiki. Ni ƙarfina a ɗinkin tamfol na manyan motoci ya ƙare, shi ya sa labulen dandalinmu ko ruwan sama aka yi a kansa ba zai ɗiga ba. Mai kula da fitilu gyaran firij yake yi a da. Har gobe Mai Firij muke ce masa, kuma har gobe in zai taɓa waya da bayan hannu yake farawa. Nas daga asibiti ta zo, ɗakin da ake kai waɗanda suka yi haɗari. In ta zana wa ɗan wasa rauni a goshi, mu da muka ga lokacin da take zanawa ma kawar da kai muke yi. Shugabarmu, mai tsara wasa da ba da umarni, lauya ce da ta ajiye baƙar rigarta. Ba ta taɓa ce wa ɗan wasa ya yi kuskure ba. Tambayoyi take jera masa a hankali har ya amsa laifinsa da bakinsa.

Shi Mai Igiya rijiya yake haƙawa a ƙuruciyarsa. Su biyu ne a sana'ar, shi da ƙaninsa, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, in an gaji a yi canji. Wata rana muna warware igiya ya gaya mini cewa a aikinsu na ƙasa ba ya yin shiru. Ko waƙa ce, ko zagin dutse, ko labarin da kowa ya gaji da ji, dole bakinsa ya riƙa motsi. Akwai muguwar iska a ƙasan wasu rijiyoyi, ba ta da wari, ba ta sa mutum ihu, barci kawai take sa shi. Na sama ba ya ganin komai sai duhu, kunnensa ne idonsa. In ya ji shiru ya tambaya. In ba a amsa ba, ba a tambaya ta biyu, fito da mutum ake yi.

Na ce, "To in na ƙasan wasa yake yi maka fa?"

"Sai ya fito mu yi faɗa a sama," in ji shi. "Faɗa a sama ai ni'ima ce."

Bai ƙara ba, ni ma ban tona ba. Abin da na sani shi ne ya shigo gari da igiya a kafaɗa da ɗan ƙaninsa a hannu, ƙanin bai zo tare da su ba, kuma tun daga lokacin ko leƙa rijiya ba ya yi.

Ni na kawo shi gidan wasa. A tashar manyan motoci na san shi yana ɗaure kaya, irin ɗaurin da direbobi ke cewa ko motar ta kife kayan ba za su ji labari ba. Da labulena ya gagari kowa ɗagawa, na ce wa Lauya na san wani. Ya zo ya kalli rufin, ya kalli labulen, ya ce a samo masa ƙananan tayoyin ƙarfe da igiya mai kyau. Tun ranar, duk abin da zai tashi sama a dandalin nan, farin wata na kwali ne ko kwalekwale na katako, ta tafin hannunsa yake bi. Mutum ne kawai ba a taɓa ɗagawa ba.

Ɗan ƙanin nasa shi muke kira Akawu. Da gumin baffansa ya yi karatu, ya samu tebur a ofishin wani kamfani da fanka a kansa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya. Yakan biyo bayan an tashi aiki ya kawo wa tsohon maganin ciwon gwiwa, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon gwaji da jaka a hammata. Wata rana wani ɗan wasa bai zo ba, Lauya ta ce ya riƙe musu wurin. Ba a jima ba ya ajiye aikin ofis, alhali furfura ta fara leƙowa a gemunsa.

Ƙananan wurare aka riƙa ba shi: mai gadi, ɗan aike, mutumin da aka kashe tun kafin labule ya gama buɗewa. Nas takan ce ba wanda ya mutu a hannunta kamar Akawu, ko a asibiti. Matarsa ba ta yi masa faɗa ba. Ta dai goge rigunansa na ofis ta rataye su a inda idonsa zai fara sauka in ya farka. Rigunan sun daɗe a nan suna kallonsa.

Sai Lauya ta tsara sabon wasa, labarin wani mai fito, mai ƙetarar da mutane a ruwa, wanda kwalekwalensa ya kife, ta ba Akawu babban wurin. A daidai lokacin kuma labari ya zo cewa wasu baƙi daga wata babbar ƙungiyar wasa, irin wadda ke riƙe 'yan wasanta da aiki na dindindin, za su zo kallo. Namiji ɗaya suke nema, mai ɗan shekaru. Tsohon maigidan Akawu na ofis shi ma ya aiko cewa teburin yana nan, amma ba zai daɗe yana jira ba. Akawu ya yi wa matarsa alkawari a gaban baffansa: in baƙin nan sun ɗauke shi, ta naɗe rigunan ta sa a akwati. In ba su ɗauke shi ba, shi da kansa zai sauko da su ya sa.

Duk wasan a ƙarshensa ya dogara. Mai fito ya nutse. Fitilu su koma shuɗi, dandali ya zama ƙarƙashin ruwa, a ɗaga Akawu sama da ɗamarar fata da aka ɓoye cikin rigarsa, ya rataya a iska kai a sunkuye, hannuwa a sake. Ba kiɗa, ba magana, ba motsi. Sai shirun ya cika ɗakin, sannan fitila ta koma fari, a sauke shi a hankali, a ja labule.

Da Lauya ta gama bayani, Mai Igiya ya kalli Akawu ya ce, "Na raba ka da aikin da ake rataye mutum da igiya, ashe zagayowa za ka yi." Muka yi dariya. Shi bai yi ba.

Mai Igiya ne ya yanka fatar, shi ya ɗinka ɗamarar, bai bar ni na sa allura ba. Ya gwada ta da buhun yashi, ya gwada ta da Mai Firij yana ta salati, ya gwada ta da kansa. Ranar gwajin farko aka ɗaga Akawu lafiya, kamar kifi a ruwa. Fitila ta yi shuɗi. Ɗakin ya yi tsit. Ban gama haɗiye yawu ba na ji, "Kana nan?"

"Ina nan, Baffa," in ji gawar daga sama.

Nas ta yi dariya har ta zubar da hoda. Aka sake, aka sake samun haka. Da abin ya ƙi ƙarewa Lauya ta taso daga kujerarta, ta zagayo bayan labule, ta harɗe hannuwa a baya kamar yadda take yi a kotu.

"Baba, wa ya ɗinka ɗamarar nan?"

"Ni, ranki ya daɗe."

"Kana shakkarta?"

"A'a."

"Igiyar fa?"

"Sabuwa ce. Kowace safiya sai ta bi ta hannuna."

"Iskar ɗakin nan tana kashe mutum?"

"Ba ta kisa."

"To me ya rage?"

Ya kalli tafin hannunsa. "Shirun," in ji shi.

"Shirun shi ne wasan, Baba. Shi mutane za su zo gani." Ta juya. "Mai Firij, za ka iya riƙe igiyar, wani ya riƙe maka fitila?"

"Ni?" Mai Firij ya dafe ƙirji. "Ni da ko akuya na ɗaure ba ta kai yamma? Ranki ya daɗe, ki bar ni da abin da in ya faɗi sai dai a sayi sabo."

Akawu yana rataye har yanzu, an manta da shi. Daga can ya ce, "Ba wanda zai riƙe ni sai Baffa. In ba shi ba ne, a sauke ni na tafi gida."

Lauya ta ɗaga kai ta kalle shi. "Ka tsaya masa?"

"Na tsaya masa."

"An rubuta," ta ce, ko da yake ba wanda ke rubutu.

Daga nan aka daina jin tambayar, muka ɗauka tsoho ya haƙura. Ni da ke tsaye kusa da shi ina jiran jan labule na gane dalili. Akawu wani ɗan ƙunƙuni yake yi a maƙogwaro, ƙasa-ƙasa kamar ƙudan zuma a cikin tulu, daidai yadda zai kai kunnen baffansa. Muddin ƙunƙunin na zuwa, hannun tsohon a kwance yake. Ban gaya wa kowa ba. Amma kunnen da ya saba kama raɗar masu shaida ba a ɓoye masa irin wannan. Ana gab da ranar wasa Lauya ta zauna a layin farko, inda baƙi za su zauna, ta saurara, ta ce, "Akawu, tun yaushe gawa ta fara waƙa?"

Ƙunƙuni ya mutu ke nan.

A ranar ne kuma Nas ta yi maganar da ta so ta janye. Tana goge wa Akawu fuska ta ce wa Lauya kada a bar shi ya wuce ƙa'ida a sama, domin ta taɓa ganin masu aikin gini da aka kawo asibiti a sume, ba faɗuwa suka yi ba, rataya kawai suka daɗe a ɗamara ƙafafu ba motsi, jini ya taru a ƙasa. Ta ce iya abin da ake yi a gwaji ba komai, ko kusa bai kai ba. Gaskiya ta faɗa, don kariya ta faɗa. Sai da ta juya ta ga Mai Igiya a bayanta da igiya a hannu.

"Ihu suke yi kafin su suma?" ya tambaya.

Nas ba ta iya ƙarya a kan ciwo. Ta ce, "A'a, Baba. Amma na ce maka bai kai ba."

Ya gyaɗa kai ya wuce.

Wasan na yamma ne. Tun da hantsi Mai Igiya ya zo, ya bi igiyar da hannu daga wannan baki zuwa wancan, ya zuba wa tayoyin mai, ya sake bin ta. Ya je wurin Nas ya ce ta ba shi auduga ya toshe kunne.

"Baba, in ka toshe kunne ai shirun ƙaruwa zai yi."

Ya tsaya ya yi tunani, ya mayar mata da audugar.

Akawu ya iske shi a bayan labule, fuska ta sha kwalliya, ɗamara a ƙarƙashin riga. Ya durƙusa kamar yadda yake yi in zai gaishe shi da safe.

"Baffa, ban taɓa roƙonka abin da ba ka ba ni ba."

"Ka taɓa. Keke."

"Ka ba ni daga baya."

"Da ka girma."

"To na girma, Baffa. Shirun nan nake roƙo. Na yau kaɗai. Fitila kawai za ka kalla, in ta yi fari ka sauke ni. Lafiyata lau, ko ban ce ba."

Tsohon ya kai hannu cikin rigar, ya ja maɗaurin ɗamarar, ya ƙara matse shi. "Na ba ka," ya ce.

Ɗaki ya cika. Baƙin suna layin farko, mace da namiji, ba sa tafi, ba sa dariya, sai kallo. Matar Akawu ta zo, ita da ba ta taɓa zuwa ba, ta zauna can gefe kusa da ƙofa. Lauya ta haura inda Mai Firij yake da fitilunsa a bayan 'yan kallo. Ni da Mai Igiya muna gefen dandali, kafaɗa da kafaɗa, shi da igiyarsa ni da tawa.

Akawu ya yi wasa ranar. Na ga gwajin har na haddace maganganun, amma sai na ji kamar ban taɓa jinsu ba. Da ya zo inda mai fito ke ba wa fasinjojinsa haƙuri ruwa yana shigowa, wata mata a tsakiya ta ce, "Wayyo!" da ƙarfi, ba wanda ya waiwaye ta. Na leƙa ta gefen labule na ga baƙuwar ta matso bakin kujerarta.

Kwalekwale ya kife. Fitila ta yi shuɗi. Mai Igiya ya ja, hannu bisa hannu, Akawu ya tashi a hankali yana juyawa kaɗan, ya tsaya a iska, kansa ya faɗo ƙirji.

Na yi shekaru a gidan nan ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Ko kujera ba ta yi ƙara ba. Mai Igiya ya kafa ido a fitila kamar yadda aka ce masa. Na ji numfashinsa. Na fara yi masa raɗa, maganar banza, labarin wani direba da muka sani a tasha, ko kunnensa zai samu abin kamawa. Ba muryata yake nema ba.

Lokacin da muka saba fitila ta canza ya zo. Jikina ya san shi, har na ɗaga hannu zuwa igiyar labule. Fitila ba ta canza ba.

Daga baya Mai Firij ya ce yatsansa na kan maɓalli Lauya ta dafe masa hannu. A kotu ta koyi cewa in shiru ya kama ɗaki ba a yi masa gaggawa, a ƙarshensa ne abin da ake nema yake faɗowa. Ta ga yadda baƙin suka daina ƙifta ido, ta so ta ƙara wa Akawu kaɗan. Don shi ta yi. Kowa a ɗakin nan don shi yake yi.

Mai Igiya ya sauke ido daga fitila ya mayar kan Akawu. Daga inda muke ba a ganin fuskarsa, sai ƙafafu biyu a sake, ba motsi. Gumi ya sauko wa tsohon har gemu. Leɓɓansa suka motsa ba sauti. Na ce a hankali, "Yanzu za ta yi fari." Ban sani ba ko ya ji. Ina jin a lokacin ba a bayan labule yake tsaye ba.

"Kana nan?"

Ba da raɗa ya yi ba. Da muryar da ake aikawa ƙasan rijiya ya yi, ta bugi bangon sito ta dawo. Kawunan 'yan kallo suka juya suna neman inda ta fito. Wasu sun ɗauka cikin wasan ne, suka jira.

Akawu bai amsa ba. Ko yatsa bai motsa ba. Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da an wuce lafiya, a ce wani ne ke kira daga bakin ruwa. Amma a sana'arsu ba a tambaya ta biyu. Na ga hannun ya buɗe, igiya ta fara gudu ta cikinsa. Gawar ta fara saukowa cikin shuɗin haske, ba da lallashin da aka koya ba, saukowar wanda ake son a taɓa da hannu yanzu-yanzu.

"Ina nan, Baffa."

A hankali ya faɗa, amma a irin wannan shiru har na bakin ƙofa ya ji. Igiya ta tsaya cak. Ga mai fito nan da ya nutse ya mutu, a rataye tsakanin sama da ƙasa, ya gai da baffansa. Wani a baya ya fashe da dariya. Na kusa da shi ya kama. Dariya ta bi layi-layi har ta iso gaba, irin dariyar mutanen da aka daɗe ana matse wa ƙirji. Fitila ta yi fari a makare. Na ja labule.

An sha tambayata ko don a tsayar da igiyar Akawu ya amsa, ko don ya ji abin da ke cikin muryar tsohon. Ban tambaye shi ba. Na dai ga da ƙafarsa ta taɓa ƙasa, hannun Mai Igiya ya ƙi sakin igiyar, Akawu ne ya zo ya buɗe masa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Tafin ya saɓule inda igiya ta goge shi. Akawu ya kira Nas ta kawo magani.

"Ka yi mini faɗa mana," in ji tsohon.

"Na me, Baffa?"

"Ai ka fito. Mu yi faɗan."

Akawu ya yi murmushi ya tafi wanke fuska. Wanda ya ce faɗa a sama ni'ima ce bai samu ko wannan ba.

Baƙin sun gaisa da kowa cikin mutunci. Sun ce wasa ya yi kyau, sun ce za a ji daga gare su. An ji, wani suka ɗauka a wani gidan wasa. Lauya ta zo bayan labule washegari, ta tsaya gaban Mai Igiya, ina jira ta fara jera tambayoyi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce, "Ni na riƙe fitilar, Baba." Ya ce, "Ni na saki igiyar." Suka yi tsaye, kowa riƙe da nasa kason.

Ba a daɗe ba na ga Akawu a titi da safe, cikin farar riga mai layin guga, jaka a hammata. Ya gaishe ni da kyau. Ya ce fankar ofis ɗin ma an sa sabuwa.

Mai Igiya ya ci gaba da zuwa aiki, amma ya koma can kusurwa kusa da taga da wani abu da yake saƙawa. Baƙin zare ne siriri, irin wanda nake ɗinkin tamfol da shi, yana tufka shi ya yi ƙarfi ba tare da ya yi kauri ba. Da na tambaya ya nuna mini. Bakin zaren ɗaya za a ɗaura a babban yatsan wanda ke sama, ya bi ta cikin hannun riga, ya hau tare da igiya, ya sauko ya zagaye wuyan hannun mai riƙo. Na sama ya riƙa ɗan matsa yatsa, ba mai gani, na ƙasa yana ji a fatarsa.

"Ka ga," ya ce, "su sami shirunsu, ni na sami nawa. Da tun farko na yi wannan tunani."

"A rijiya ba ku yi ba?"

"A rijiya ba mai sayen shiru."

Ya je ya sami Lauya ya ce in zaren ya yi, ta sake sa wasan, ta kira Akawu ko da ranar hutunsa ce, ta aika wa baƙin nan. Ta ce baƙi ba sa zuwa sau biyu. Ya ce rijiya ma ba a samun ruwa a sara na farko. Ta kalle shi ta ce to, ranar da zaren ya yi, ita za ta buga musu waya da kanta.

Wurin tayar ƙarfe ne ya gagare shi. In igiya ta bi ta kanta sai ta danne zaren, motsin ya mutu a nan. Ya yi masa hanya daban da zoben labule, zaren ya harɗe. Mai Firij ya kawo masa siririn bututu na cikin firij, ya yi kamar zai yi, sai ya riƙa maƙalewa a lanƙwasa. Mai Firij ya ce akwai 'yar na'ura da za a sa wa mutum a aljihu ta kunna fitila a ƙasa. Tsohon ya ce abin da batir ke riƙe da shi ba ya ba shi amanar ɗansa. Ya warware ya sake tufka. Nas ce ke rataye masa buhun yashi, ita ke jan zaren daga kan tsani tana cewa, "Ka ji, Baba?" Wani lokaci ya ce ya ji kaɗan. Wani lokaci ya ce ta sake.

Akawu yakan biyo da maganin gwiwa kamar da. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ajiye, ya tambayi jiki. Bai taɓa tambayar mene ne zaren ba, tsohon kuma bai taɓa gaya masa ba. Amma na lura ba ya tafiya sai ya ga inda aka kai.

Wata safiya ina ɗakin ajiya ina neman almakashi, na daɗe ina bincike, sai na ji wani abu ya rage a gidan. Na tsaya na saurara. Ba wanda ya tambaye ni ko ina nan. Na fito na iske shi a kusurwarsa, ya jingina da bango, zaren a cinyarsa. Nas ta taɓa wuyansa, ta daɗe ba ta ɗauke hannu ba. An kai shi asibiti da ransa, amma bai dawo mana ba.

Da aka kwana biyu Akawu ya zo kwashe kayansa. Ba su da yawa: wuƙa, gwangwanin mai, takalmin roba. Ya ɗauki zaren ya juya shi a hannu. Nas ta fara yi masa bayani, ya ce ya sani. Ya zura babban yatsansa a madaukin, ya yi masa daidai kamar an auna, ko da yake ba wanda ya ga ranar da aka auna. Sannan ya cire, ya ce a bar shi a nan, ba na gida ba ne.

Zaren yana nan a ƙusar da ke gefen igiyar labule. Ɓangaren yatsa a gama yake, an naɗe bakinsa tsaf. Ɓangaren da zai zagaye wuyan hannun mai riƙo silin zaren a warware yake, kuma har yau ba a samu yadda zai bi ta kan tayar ba.